Tarihin Marigayi Audu Bako, Gwamnan Da Ya Gina Wa Talakawa Wuraren Shan Iska

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwanmu ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu zaman rumfa, yau filinmu na tarihi zai tsallaka iyaka ya leƙa Kano. Da wuya a samu ɗan kasuwar Gure ko na Damagaram wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka Kano ba, ko dai ya je sarin atamfa a Kantin Kwari, ko ya kai wake da riɗi Dawanau, ko kuwa ya yi lodin kayan masarufi a kasuwar Singa. Duk mai wannan zirga-zirga ya ji ana kiran Titin Gidan Zu da Sakatariyar Audu Bako, wani ma ya taɓa ɗaukar iyalinsa ranar yawon Sallah ya kai su kallon zaki da kura da jimina. Mutumin da ya kafa wannan gidan namun daji, wato Kwamishinan Ƴan Sanda Alhaji Audu Bako, gwamnan jihar Kano na farko, shi ne za mu kawo muku tarihinsa.

Mu da muke wannan rubutu ba mu riski zamaninsa ba, domin ya rasu tun 1980, kafin a haife mu. Abin da ya sa muka ɗauko shi shi ne, a cikin shugabannin ƙasar Hausa na bayan samun mulkin kai, yana cikin ƙalilan da suka ɗauki hutun talaka a matsayin aikin hukuma. Ya gina madatsun ruwa da makarantu da ofisoshi, sa'annan ya ware fili da kuɗi domin magidanci ya samu inda zai zauna a inuwa da ƴaƴansa bayan wahalar mako. Abin da ya sami waɗannan wurare bayan ya kau ya shafe mu nan Gure, domin cutar da ta ci su tana nan cikin garuruwanmu.

Haihuwarsa da aikin ɗan sanda

An haifi Audu Bako a shekarar 1924 a barikin ƴan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shekara 36 yana aikin, saboda haka yaron ya tashi cikin fareti da jin busar bigila da tsabtar bariki, inda ake duba ɗaki da shara kowace safiya. Ya yi karatun farko a makarantar gwamnati ta Kaduna, daga nan ya wuce makarantar Midil ta Zariya. A wancan zamani wanda ya gama Midil mai ilimi ne sosai a Arewa, domin ƴan kaɗan ne suke kaiwa can.

A shekarar 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda yana ɗan shekara 18. Bai tsaya ga gadi da sintiri ba, ya mai da hankali ga sanin doka, har aka mai da shi malami mai koyar da dokokin aiki a kwalejin ƴan sanda ta Kaduna. Ya yi ta hawa mataki-mataki har ya kai muƙamin mataimakin kwamishina, aka kuma damƙa masa kula da ƴan doka na duk jihar Arewa.

Ga wanda bai sani ba, a lokacin masu tsaro iri biyu ne a Arewacin Najeriya. Akwai ƴan sanda na gwamnatin tarayya, akwai kuma ƴan doka waɗanda ke ƙarƙashin En'e, wato hukumar sarakuna. Aikin duba ƴan doka ya sa Audu Bako ya zagaya larduna, ya shiga fadojin sarakuna da ofisoshin hakimai, ya ga yadda ake karɓar haraji da jangali, ya kuma ga yadda talaka ke rayuwa a ƙauye. Wannan sani ya yi masa amfani ƙwarai lokacin da mulki ya faɗo hannunsa.

Yadda ya zama gwamna

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki na farko a Najeriya, inda aka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Yuli na wannan shekara aka sake wani juyin, Yakubu Gowon ya hau. Ƙasa ta rikice, aka zubar da jini a garuruwan Arewa har da Kano, dubban mutanen Kudu suka tattara nasu ya nasu suka koma gida, aka bar ma'aikatu da yawa babu ƙwararru. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya rusa tsofaffin jihohi huɗu ya karkasa ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga ciki a Arewa. Aka naɗa Audu Bako gwamnan Kano. Ba shi kaɗai ne ɗan sanda a cikin gwamnonin ba, akwai Usman Faruk a Sakkwato da Joseph Gomwalk a Jos.

Jihar da aka ba shi ta fi Kano ta yanzu faɗi, domin ta haɗa masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, tun daga dajin kudu har zuwa Maigatari, inda mutanenmu ke kai dabbobi kasuwar Alhamis. Sai a 1991 aka cire Jigawa daga ciki. Ya hau ne cikin mawuyacin hali, domin yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli 1967 bai ƙare ba sai Janairu 1970, kuma ita kanta gwamnatin jihar ba ta fara aiki gadan-gadan ba sai 1 ga Afrilu 1968, bayan an gama rabon ma'aikata da kaya a Kaduna.

Da ya zo kafa majalisarsa, sai ya haɗa mutanen da a baya ba sa ga maciji da juna. Ya ɗauko Alhaji Maitama Sule na tsohuwar jam'iyyar NPC, ya ɗauko Tanko Yakasai na NEPU, ya ba Alhaji Inuwa Dutse aikin gona, ya kuma jawo ɗan kasuwa Alhaji Aminu Dantata ya riƙe harkar ciniki da masana'antu. Ya yi gyara a tsarin En'e, inda aka rage ikon sarakuna a kan mulki da kuɗi aka mayar da wasu ayyuka hannun gwamnatin jiha, ya yi haka kuwa a zamanin Sarkin Kano Ado Bayero. Ya kuma matsa a kan karatun mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, aka buɗe makarantun ƴan mata da na horar da malamai mata.

Ruwa da noman rani

Aikin da aka fi tunawa da shi a kai shi ne na ruwa. A 1969 aka soma madatsar Bagauda, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Daga nan aka shiga babban aiki, wato madatsar Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Bangonta na ƙasa ya kai tsawon kilomita 6, kuma tana iya riƙe ruwa kusan mita biliyan 2 na ma'aunin ɗaki-ɗaki. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da alkamar rani duk daga wannan ruwa suke sha. Iyayenmu mata masu sayar da kayan miya sun san kwandon tumatirin Kano, to asalinsa ke nan.

Aikin ya zo daidai da babban farin nan na 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙarar da dabbobi a ƙasarmu, ya kori iyalai da yawa daga Damargu da Muniyo zuwa kudu neman abinci, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya kifar da Jori Hamani a watan Afrilu 1974. A irin wannan lokaci, gwamnan da ya tara ruwa ya cancanci yabo.

To amma gaskiya ɗaya ce, tarin ruwan Tiga ya bar baya da ƙura. Kogin Kano shi ne ke gangarawa ya zama kogin Haɗeja, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'annan ya shiga Komadugu Yobe wadda ta raba Nijar da Najeriya a wajen Difa kafin ta faɗa tafkin Cadi. Da aka datse ruwa a sama, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu. Nguru kuwa maƙwabciyarmu ce, tun zamanin da ake kai kanwa da dabbobi can domin a loda wa jirgin ƙasa. Saboda haka aikin da ya ƙosar da wasu ya rage wa wasu.

Wuraren shan iska

Yanzu ga inda muka fi so ku saurara. Tun a farkon mulkinsa Audu Bako ya sa aka tsara yadda za a bunƙasa yawon buɗe ido a jihar, a lokacin da yawancin masu mulki ke ganin wannan harkar Turawa ce. A 1971 aka soma aikin gidan namun daji a kudancin birni, a wani wuri da a lokacin bayan gari ne, aka buɗe shi a 1972. Faɗinsa ya kai eka 46 ta ma'aunin hekta. Ba keji kawai aka jera ba, an dasa itatuwa, an shata hanyoyin tafiya da ƙafa, an yi wuraren zama, an kuma sa kuɗin shiga daidai aljihun talaka. Yaron da bai taɓa ganin giwa ko zaki ba sai a tatsuniya, ya je ya gani da idonsa.

A bakin tafkin Bagauda aka gina otal mai ɗakuna irin ginin gargajiya, inda ake zuwa hutu da taro. A Tiga aka ɗora wani otal a kan dutse yana kallon ruwa, wanda aka sa wa suna Rock Castle. A cikin birni aka gina otal ɗin Daula a ƙarshen zamaninsa. Can kudu kuma, a kan hanyar Jos, dajin Kogin Kano da Turawa suka killace tun shekarun 1940 aka ɗaga shi a 1969 ya zama gandun namun daji, wanda aka sani da dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan ga mai neman abin sa wa a bakin salati. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amsa. Duk inda jama'a suka taru, kasuwa ta ci. Ƙofar Gidan Zu ranar Sallah wuri ne na mai ƙosai da mai fura, da mai zoɓo da ruwan sanyi, da mai hoto da mai balan-balan, da direban da ya kawo mutane daga ƙauye. Titin da ya ɗauki sunan gidan, wanda a da daji ne, yau yana cikin manyan titunan ciniki na Kano, a nan filin baje koli yake, a nan aka buɗe babban kantin Ado Bayero Mall a 2014. Bayan ciniki kuma akwai lafiyar jiki da ta zuciya. Matar da ta wuni a rumfa daga safe har la'asar, da yaron da gidansu ɗaki biyu ne babu tsakar gida, suna buƙatar inda za su miƙe ƙafa. Yaron da ya samu filin wasa da ido a kansa, ya yi nesa da zaman kwalbati da shaye-shaye.

A nan gida ma an yi masu irin wannan tunani. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya haɗa kayan tarihi da gidan namun daji da rumfunan masu sana'ar hannu a wuri ɗaya, kuma can ne yaran Yamai ke tururuwa ranar Sallah.

Saukarsa da rasuwarsa

Ranar 29 ga Yuli 1975, Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kamfala, sojoji suka tuɓe shi, Murtala Muhammad ya hau. Aka sauke gwamnoni 12 gaba ɗaya, aka naɗa Kanar Sani Bello a Kano. Audu Bako ya bar kujera bayan shekara 8, kuma babu wani gwamnan soja da ya sake daɗewa haka a Kano.

Ba za mu ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Gwamnatin Murtala ta kafa bincike a kan dukiyar tsofaffin gwamnoni, aka sami 10 daga cikin 12 da laifin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, aka kore su daga aiki aka kuma ƙwace wasu kadarorinsu. Biyu kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na jihar Yamma. Audu Bako yana cikin goman. Wannan yana cikin tarihinsa kamar yadda Tiga da Gidan Zu suke ciki, kuma mai ba da tarihi ba ya ɗaukar rabi ya bar rabi.

Bayan haka ya koma noma a tsohuwar jihar Sakkwato, ya yi nesa da harkar mulki har Allah ya karɓi ransa a 1980, yana da shekara 55 zuwa 56 a duniya. Mutanen Kano dai sun yi nasu hukunci, domin sun sa sunansa a sakatariyar gwamnati, da wani babban titi, da kwalejin aikin gona ta Dambatta, da shi kansa gidan namun dajin.

Abin da ya sami gadon

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daga saukarsa a 1975 zuwa dawowar farar hula a 1999, Kano ta yi gwamnoni 13 cikin shekara 24, wani ma wata uku kawai ya yi. Kowa ya zo yana son aikin da za a kira da sunansa. Sabon gini yana da bikin buɗewa da yankan ƙyalle da allo mai ɗauke da suna, amma gyaran famfo da sayen nama domin zaki da biyan mai shara ba su da biki. Ga shi kuma kuɗin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu daga 1986, kuma duk lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci, kuɗin kula da wuraren shan iska ake fara yankewa.

Otal ɗin Bagauda ya yi ta ja da baya har a farkon shekarun 2000 aka miƙa shi ya zama makarantar horar da lauyoyi. Ginin ya tsira, amma jama'a sun rasa wurin hutu. Rock Castle ya shafe shekaru a rufe yana lalacewa a kan dutsensa. Aikin ruwan Tomas na Dambatta an yi watsi da shi sai a 2008 aka farfaɗo da shi. Dajin Falgore da aka tanada domin masu kallon namun daji, a tsakiyar shekarun 2010 ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu sace mutane, har sai da aka mai da wani sashensa wurin atisayen sojoji.

Gidan Zu shi ne ya fi jurewa, amma shi ma ya sha. A watan Yuni 2019 aka nemi naira miliyan 6 da dubu 800 na kuɗin shiga da aka tara a bikin ƙaramar Sallah aka rasa. Labari ya bazu a duniya cewa wai goggon biri ne ya haɗiye kuɗin, alhali babu goggon biri a gidan, hukuma ta ce sata ce aka kuma shiga bincike. Jama'a sun sha dariya, amma ɗan kasuwa ya kamata ya duba lissafin. Wurin da ya tara irin wannan kuɗi cikin ƴan kwanaki ba rashin masu zuwa ke damunsa ba. Talaka yana so, yana kuma biya, inda kuɗin ke tafiya shi ne abin tambaya. A watan Oktoba na wannan shekara kuma wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe gidan, unguwannin kewaye suka kwana cikin tsoro, sai bayan kusan kwana biyu aka shawo kansa. A 2020 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta bayyana niyyar tashin gidan zuwa Tiga, tana cewa gari ya cim masa. Mutane da yawa suka ƙi, suna ganin filin ake so, kuma talakan cikin birni ba zai iya kuɗin motar zuwa Tiga da iyalinsa ba. Har gwamnatin ta sauka a 2023 ba a tashe shi ba.

Maganar fili ita ce ta fi shafar ƴan kasuwa. Wurin da aka bari ya lalace, daga baya sai a ce ai ba shi da amfani, gara a yanka shi a yi shaguna. Haka aka yi da filin otal ɗin Daula, da gefen Filin Sukuwa, da kewayen Masallacin Idi na Kano. Mutane suka zuba jarinsu suka saya suka gina. A watan Yuni 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce filayen jama'a ne an ba da su ba bisa ƙa'ida ba, ta sa motocin rusau suka baje su. Masu shagunan Masallacin Idi suka kai ƙara, kotun tarayya ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga bisani aka sasanta a kan biliyan 3. Gwamnati ɗaya ta sayar, wata ta rushe, wanda ya kwana a ciki shi ne ɗan kasuwa.

Mu kuma nan gida

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Yamai, ɗamarar itatuwa da aka soma dasawa a 1965 domin kare birni daga iska da ƙura, wadda ta kai kusan hekta 2,500, an cinye babban sashenta da yankan filaye da gine-gine. Filayen kokowa da aka gina a manyan garuruwa tun da aka soma gasar takobi a Tawa a 1975, mun saba ganin an taso da fenti da siminti in zagaye ya zo kan gari, in an miƙa takobi kowa ya watse. Gidajen matasa da aka yi a zamanin Samariya, ku duba na garinku ku faɗa wa kanku gaskiya.

Mu a Gure lamarin ya fi tsanani, domin mu da rairayi muke kokowa. Itace a wurinmu ba ado ba ne kawai, shi ke tare iska, shi ke hana tudun yashi binne kwarurrukan da muke samun dabino da goriba da kanwa. Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa ana ɗaukar hoto, amma dogon yaron da ba a yi wa shinge ba, ba a kuma ba shi ruwa a rani na farko ba, abincin akuya ne. Filin da aka ware wa yara a taswirar unguwa, in ba a kewaye shi ba, yau juji ne, gobe kuma a ji wani ya fito da takarda.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata. Ku ne kuke biyan tikitin kasuwa kowace rana ta Allah, ku ne kuke biyan patanti, don haka kuna da bakin tambaya. Tun da aka rusa majalisun gundumomi a 2024 aka naɗa masu riƙo, babu kansilan da za ku aika, sai ku je da kanku cikin ladabi ku nemi a nuna muku filayen da aka ware wa jama'a a garinku, da abin da aka tanada a kasafin shekara domin kula da su. Kafin ka sayi shago ko fili mai araha a bakin filin ƙwallo, ko filin Idi, ko makaranta, ka bincika asalinsa, kada abin da ya sami ƴan uwanmu na Kano ya same ka. Sa'annan kowace rumfa ta ɗauki itace ɗaya ta riƙa ba shi ruwan alwala da na wanke hannu, wannan ba ya buƙatar izinin kowa.

Audu Bako ya gina Gidan Zu cikin shekara biyu, amma ya wuce shekara 50 ke nan ana buƙatar a ciyar da dabbobin da ke ciki safe da yamma. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa a kan inuwar da ya bari. Mu kuma Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya ba mu ikon kula da abin da muka tarar. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.